Takardar Jini Ta Wanke Mijina

Anti, don Allah ki raba mu gardama ni da ƙanwar mijina kafin Lahadi, don ni murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Mijina Cornelius kafinta ne a Chikaji, muna haya a Samaru. Wata biyu ke nan yana tari, ga zufa ga rama, har sai da na kai wandunansa aka rage ƙugu. Da muna ɗora wa ƙurar katako laifi. A asibitin gwamnati suka ce suna zargin tarin fuka, wai sai ya ba da kaki sau uku. Ya ba da na farko, suka ba shi 'yar roba ya kawo na asuba. Anti, mutumin nan kunya gare shi kamar amarya. Gidanmu ɗaki takwas ne, famfo ɗaya. Wai ba zai tsaya yana kakari maƙwabta na ji ba, balle ya shiga bas da roba a aljihu. Bai koma ba. Tun ranar na ɗauke jaririnmu Othniel, ɗan wata uku, muka koma ɗakin Keziya, ƙanwar tasa. Uba yana leƙen ɗansa ta taga, abin yana ci mini rai.

Shekaranjiya abokinsa Ejiofor ya kai mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Sabon Gari. Ɗigon jini kawai suka ɗauka a yatsa. Ban gama cin gyaɗar da na saya a ƙofa ba aka miƙo takarda: babu cuta! Sai da na taka rawa a bakin titi, 'yan acaɓa suna ta dariya. Na riga na gaya wa Zumuntar Mata za mu yi godiya a coci ran Lahadi, kuma ranar zan miƙa wa Cornelius ɗansa mu koma ɗakinmu.

Keziya fa ta kafe. Shekara ɗaya kacal ta yi a makarantar jinya, amma ji take ta fi likita. Wai takardar ba ta isa ba. Ai jini ya fi kaki, ko ba haka ba, Anti? Har yanzu yana tarin, amma na ga kamar ya ragu.

Mai Murna, Samaru

Ƙanwata Mai Murna, na ji daɗin wasiƙarki, kuma na fahimci zumuɗinki. Amma Keziya ce da gaskiya, ki yi haƙuri.

Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba. Yana duba ko jini ya haɗa garkuwa ne a kanta, kuma jikin kowa da yadda yake yi. Yakan ce babu alhali mutum na ɗauke da cutar, yakan kuma ce akwai ga mai lafiya. Kaki kuwa daga huhu yake fitowa, inda ƙwayar take zaune, ana iya ganinta da madubin likita.

Kunyar maigidanki ba abin dariya ba ce, mutane na da baki. Ki taimake shi. Ya zaga bayan gida da sassafe, ke ki sa robar a leda ki jefa jaka, ku tafi tare. In kakin bai nuna komai ba kuma tarin ya ƙi, a ɗauki hoton ƙirji. In cutar ce, tana warkewa, magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wata shida zai sha ba fashi, kuma bayan 'yan makonni likita zai iya ce masa ya ɗauki ɗansa. Ki kai Othniel ma a duba shi, ke ma haka.

Ku je coci ku yi rawarku, godiya ba ta ɓaci. Amma yaron ya ƙara kwana a ɗakin gwaggonsa har likita ya yi magana, don huhun ɗan wata uku ba abin gwada sa'a ba ne. Allah Ya ba Cornelius lafiya, Ya raya mana Othniel.