Haƙoran Nafi Sun Yi Baƙi

Zuwa ga Rakiya,

Sallama da gaisuwa. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana a Tibiri, Innarki ta aiko mana da dami biyu. Ɗiyarmu Nafi ta cika shekara huɗu, ta shiga jardan, ajin ƙananan yara. Maganarta ce ta zaunar da ni rubutu.

Kin tuna yadda kike raba mata fanke, rabi da hantsi, rabi bayan la'asar? Gyaɗa ma sai kin auna da murfin kwalba. Ni kuma in ce rowa gare ki. Ban taɓa faɗa miki ba, duk ranar da na ɗauke ta a moto sai na tsaya butik na saya mata alewar bombom, ta shanye kafin mu iso gida. Kina fama da ita a kan tuwo, ina gefe ina kallonku.

Tun da kika rasu ban iya hana ta komai ba. In ta yi kuka ke take kira, sai in miƙa mata fakitin biskit gaba ɗaya. Maƙwabta ma kowa ya gan ta ya ce marainiya, ya danƙa mata alewa. Yanzu ko kunu ba ta sha. Haƙoranta biyu na gaba sun yi baƙi. Ranar Talata a asibiti, matar da ta auna ta ta ce kilonta ya ragu, ta tambaye ni me yarinyar take ci. Me zan ce mata?

Innarki ta ce in ban iya ba, in kai mata jikarta. Ba ta yi ƙarya ba. Amma in Nafi ta tafi, wa ya rage mini a gidan nan?

Jiya na gwada. Biskit biyu na ba ta, na ɗora sauran saman kwaba. Ta yi ta birgima har muryarta ta dishe. Da azahar ta ci loma huɗu ta shinkafa da wake, ta juya mini baya. Yau da safe ta ƙi in ɗaura mata takalmi.

Na gaji, Rakiya, kuma kwana ɗaya ke nan. Ke kullum fushinta kike sha, ni ina kwasar dariyarta. Ki yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinki.

Mijinki, Baban Nafi
Dogon Dutsi