Ƙwan Wake-wake

Alhamis, 14 ga Yuli 1960

An yi sadakar arba'in ɗin Hauwa, kowa ya watse. 'Yan'uwanta sun ɗaure kwanoni da tukwane a kan jakai sun koma Gidan Sori. Sun bar mini turmi, da tukunya ɗaya, da kajinta uku: fara, ja, da mai zane-zanen nan da take kira Wake-wake. Ita ce 'yar gatanta, a tafin hannu take ba ta tsaki.

Ni Labo mai awon gyaɗa, duk Gidan Rumji an san ni da ido a kan sikeli, amma yau na rasa inda gishiri yake a gidana.

Asabar, 16 ga Yuli

Akwai kafa a darnin da ke tsakaninmu da gidan Sanda. Nan Hauwa da Batulu matar Sanda suke tsayawa suna hirar da ba ta ƙarewa. Sau nawa na ce zan toshe ta. Jiya da magariba na ji an ce, "Malam Labo, ga tuwo nan." Na je na tarar da akushi a bakin kafar, an rufe da faifai. Yau ma haka.

Na ci, don yunwa ba ta san kunya ba. Amma Hauwa ba ta taɓa mayar da akushin mutane wayam ba, ko gyaɗa ce sai ta zuba. Ni me zan zuba?

Talata, 19 ga Yuli

Na samu dabara. Wake-wake tana ƙwai a bayan randa. Na ɗauki biyu na sa a akushi na mayar. Yanzu ba sadaka nake ci ba, ba ni in ba ka ne.

Batulu ta ɗaga faifai ta ce, "Duka kaka kwashewa?" Na ce duka. Ta ce, "To, madalla." Ban san abin da ya sa muryarta ta yi haka ba.

Laraba, 3 ga Agusta

An ce yau ƙasa ta samu 'yanci. Mutane sun taru ƙofar mai gari suna jin rediyo, makaɗa na ta yi. Sanda ya ja ni, na je na tsaya a baya. Kowa na cewa an huta, an huta. Na dawo na tarar ruwan jiya ya rusa gefen akurki, ni kaɗai na yi ta kwaɓa laka har la'asar.

Da Hauwa tana nan da ta yi guɗa, ita da ba ta san ko mene ne ba. Guɗa ba ta yi mata wuya.

Lahadi, 14 ga Agusta

Muzuru ya ɗauki ja. Gashi kawai na gani a gindin rumbu.

Juma'a, 26 ga Agusta

Wake-wake ta daina ƙwai, ta kwanta a bayan randa. Babu komai a ƙarƙashinta, na duba, sai wani ɗan dutse da ta jawo da baki. Ta baza fiffike a kansa, in na matso ta hura wuya ta sare ni. Na ɗaga ta na jefar tsakar gida, ta komo. Na sake, ta komo. Ƙarshe na tsoma ta cikin ruwa kamar yadda na ji ana yi, don ta bar kwanci ta koma ƙwai. Ina bukatar abin sa wa akushi.

Ta tsaya a rana tana karkarwa tana kallona da ido ɗaya. Ban ji daɗi ba.

Litinin, 12 ga Satumba

Kazar Batulu ta ƙyanƙyashe, kuma duk ta kafar nan suke kwararowa su cinye dusar da na zuba wa nawa. Zakaran Sanda kuwa dama nan ya mayar gidansa. Na kore su da kara. Batulu ta ce daga can, "A bi su sannu, Malam Labo, ƙanana na." Na ce ƙanana da cikin manya.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Wan Hauwa ya zo gaisuwa, ba yadda zan yi, na yanka masa fara. Batulu ce ta dafa. Ya ci ya suɗe hannu ya ce in sake aure. Na ce na ji.

Saura Wake-wake. Da safe in na buɗe ƙofa ita ce ke fara zuwa, ta tsaya daidai inda Hauwa take zama da ƙwaryar tsaki. Na fara ba ta a hannu. Bakinta na da zafi. Wannan kam ko sarki ya zo ba zan yanka ba, a gidan nan ita kaɗai ta rage da ta san muryar Hauwa ban da ni.

Talata, 8 ga Nuwamba

An buɗe awon gyaɗa, yini nake a tsaye. In na dawo gidan shiru. Ina yi wa kaza magana. Allah ya sa ba a ji.

Asabar, 3 ga Disamba

Wake-wake ta sake daina ƙwai, gashinta na zuba. Tun makon jiya akushi ke komawa ba komai. Na sa goro sau ɗaya, Batulu ta maido wai haƙoranta ba sa so. Tuwon ma ya daina wuce mini. Sai in ga kamar duk unguwa na cewa ga Labo can, matar wani ke ci da shi.

Na ga wani direba yana dafa shayi a kan risho a tasha. Ɗan abu kamar gwangwani mai ƙafa uku, a zuba kananzir, a buga famfo, wuta ta tashi shuɗiya, ba ice ba hayaƙi. Ya ce a Maraɗi ake samu. In na saya na huta da akushin kowa.

Asabar, 17 ga Disamba

Jiya na tafi Maraɗi na sayo risho. Na kwana can don mota ta lalace. Na iso da hantsi, na buɗe gida, na kira. Shiru. Na duba akurki, bayan randa, ƙarƙashin rumbu.

Sanda ne ya shigo yana sosa ƙeya. Gobe bikin jamhuriya, manyan baƙi za su zo, an ce kowane gida ya ba da kaza. Masu tarawa sun zo jiya ba ni nan, suka shiga suka kama.

Na ce, kana ina? Ya ce, "Ina nan, Labo. Na ce musu ta marigayiya ta, su ɗauki tamu biyu su bar ta. Sunka ɗauki tamu guda, sunka ce kowane gida da nashi." Na ce da ka so da ka hana. Na faɗi wasu maganganu kuma, har da cewa dama shi da matarsa idonsu na kanta. Ya tsaya yana kallona, ya ce Allah ya ba ka haƙuri, ya fita.

Na je inda ake girkin baƙi. An riga an fige. Tulin gashi a bayan zana, fari da ja da baƙi, iska na wasa da shi. Na tona da ƙafa har na ga mai zane. Ko nata ne ko na wata, ban sani ba, na sa a aljihu. Wata mai girki ta ce, "Baba, mi kaka nema?" Na juya na dawo gida.

Lahadi, 18 ga Disamba

Ana ta kiɗa. Ban fita ba. Na saro ƙaya na toshe kafar darni tun daga ƙasa har sama. Da magariba na ji takun Batulu ya zo ya tsaya, ya daɗe, ya koma.

Laraba, 21 ga Disamba

Risho. An ce a fara ɗumama kansa kafin a buga famfo. Ni na buga tun yana sanyi, wuta ta yi sama ja wur, ta tafi da rabin girata. A wurin awo kowa ya tambaya, na ce fitila ce.

Tuwon ya yi gudaji, ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba, miya kuma warin kananzir. Na ci a tsaye. Aƙalla nawa ne.

Litinin, 2 ga Janairu 1961

Hancin risho ya toshe, allurar sharewa ta karye. Gari na jiƙa na sha. Muna haɗuwa da Sanda a masallaci, sahu ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ana sallamewa kowa ya nemi takalmansa.

Ina jin dakan Batulu da safe, ina jin ƙamshin daddawa da yamma. Ba komai.

Alhamis, 12 ga Janairu

Zazzaɓi tun Litinin. Ban je awo ba. Gidan nan in mutum ya mutu sai wari ya faɗa wa maƙwabta.

Asabar, 14 ga Janairu

Na fito shan hantsi, sai ga wani abu ya faɗo ta saman darni yana fuka-fuki. Sagara ce, budurwar kaza, mai zane-zane tun daga wuya har wutsiya. Na ɗauka idona ne, saboda zazzaɓi.

Batulu ta ce daga bayan ƙaya, "Ɗiyar Wake-wake ta. Akwai wasu ukku, da zakara guda."

Na ce ta yaya? Ta ce, "Ƙwan da kaka sa wa akushi. Kai ka taɓa ganin Hauwa ta ci ƙwan kazarta? Wa ka cin iri? Na ga in na bar ka, gidan ga ba ya sake ganin ɗan tsako. Sai ni riƙa sa ma tawa tana kwanci." Wai su ne waɗanda na yi ta kora da kara tun suna ƙanana. Ta ce ta so su ƙara girma ta maido mini gaba ɗaya, sai abin nan ya faru, na toshe hanya.

Na ce, ke nan ko ɗaya ba ku ci ba? Ta ce ko ɗaya.

Maimakon in yi godiya sai raina ya ɓaci. Wata da watanni ina ɗaga kai ina cewa musaya muke, ashe tuwon kyauta nake ci, har da kiwon kyauta a kai. Kuma na tsoma baiwar Allah cikin ruwa a banza, tana neman 'ya'yanta, su kuwa suna bayan darni. Na ce ban roƙe ki ba. Ta ce, "Ba don kai ni yi ba. Shekara nawa muna tsayi wurin ga ni da ita? Kai kaɗai aka yi ma mutuwa?" Na ji ta ja takalmi ta tafi.

Ban taɓa tunanin haka ba, wallahi. Ko sau ɗaya ban yi mata gaisuwar Hauwa ba.

Na kama sagarar na mayar ta saman darni.

Lahadi, 15 ga Janairu

Ta dawo. Ba jefo ta aka yi ba, ta ƙasan ƙaya ta kutso. Na kore ta.

Talata, 17 ga Janairu

Ta dawo, ta je bayan randa tana tone-tone. Ba Wake-wake ba ce. Ƙafarta ta fi tsawo, kuma ba ta san ni ba, in na miƙa hannu da tsaki sai ta gudu. Wancan gashin yana aljihuna har yanzu, na gwada a jikin nata daga nesa. Kusan ɗaya.

Na zuba mata a ƙasa. Don kada ta shiga rumbu ne kawai.

Juma'a, 20 ga Janairu

Ƙayar nan tana yage wa kazar fiffike in za ta wuce, shi ya sa na janye ta. Ba wani abu ba. Risho na sa a kan rumbu, sai an samu allura.

Bayan salla na riga Sanda fita daga masallaci, na ga takalmansa a rana, na matsar da su inuwa. Ya gani. Tare muka taho har ƙofa.

Da magariba akushi na bakin kafa. Miyar kuka. Na cinye, na wanke, na zagaya gidan ina neman abin sawa. Babu. Na daɗe tsaye da shi a hannu, sannan na rufe da faifai na ajiye haka nan.

Ta zo ɗauka ina nan tsaye. Ta ɗaga faifai ta duba, ta rufe. Na ce, Batulu, ya haƙurinmu? Ta ce, "Haƙuri sai Ma'aiki, Malam Labo," ta ɗauki akushinta.