Faifan Lantana

Litinin, 19 Oktoba 1942, Madawa

Alli ya ƙare a lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, kuma saboda yaƙi ba a sa ran wani. Yara na rera lissafin Faransanci kamar waƙar daka, amma in na ɗaga yatsu uku sai su dubi rufin ɗaki. Wataƙila laifin koyarwata ne.

Laraba, 21 Oktoba

Na kai faifan matata Lantana aji. Shi take ɗinkawa sa'ad da ciwon ajali ya kama ta, ba ta naɗe bakinsa ba. Zagaye bakwai ne daga cibiya, ja da baƙi da farar kaba. Kowane yaro ya ɗora yatsa yana bi yana ƙidaya. Sun gane! Ni kuwa da na ga ƙananan yatsu a kansa, sai na juya wajen taga.

Yarinyar da ta bar mini tana Bangi wurin kakarta, Inna Dije, uwar Lantana. Yanzu ta kai tsawon waɗannan.

Talata, 3 Nuwamba

Tabarma jiya, yau ƙwarya mai zanen shanu. Na tsara: abu guda kowace rana, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Hama, ɗan makiyayan Ibohaman, ya ƙi taɓa ƙwaryar. Ya kira ni Mushe, wato Malam a Faransanci: "Mushe, ba a ƙidaya shanu, ƙarewa suke." Na ce to yaya kuke sanin wata ta ɓace? Ya ce, "Suna muke kira. Wadda ba ta amsa ba, ita ce." Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce shanun ƙwarya kurame ne. Na bar shi da faifai.

Alhamis, 12 Nuwamba

Babu aji. Yarinyar ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ko a takardar nan. Haka ubana ya yi da ni, ban kuwa ce ya ƙi ni ba. Amma ni a gidansa na tashi, ina jin tarinsa kowace safiya. Ita me take ji?

Lahadi, 20 Disamba, Bangi

Na zo gaisuwar Salla. Na durƙusa bayan zana kamar yadda ya kamata, na roƙi Inna ta ba ni yarinyar. Ta ce, "Malam, boko ya ɗauke ka, ƙasa ta ɗauke Lantana. Wannan ɗaya ita ce idona."

Yarinyar ce ta kawo mini ruwa. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo. Na zo da faifan don in nuna mata ƙidaya, na shirya har kalmomin da zan fara da su. Na sha ruwa, na dubi ƙasa, na ce a gaida mutan gida.

Na bar faifan kan turmi. Ban sani ba ko mantuwa ce.

Litinin, 4 Janairu 1943

Mun yi ƙidaya da tsakuwa. Ba daɗi.

Juma'a, 22 Janairu

Sidi mai raƙumi ya kawo faifan daga Bangi, naɗe cikin tsumma. An ƙara zagaye guda. Ɗinkin ya karkace, jan ya yi yawa, wani wuri kaba ta fito kamar gashin bushiya. Saƙon Inna: mai aikin ta tambaya ko na wane ne, an faɗa mata. Bakin kuma da saura, sai an koma da shi in an sami hutu.

Na kai aji. Suka bi da yatsa, suka wuce bakwai, suka yi ihu: takwas! Hama ya ce, "Mushe, wannan na ƙarshe wa ya yi shi? Bai iya ba."

Na ce, "Mairamu ce. Tana koyo."

A gaban yara duka. Ba wanda ya lura, sai ni. Ban tabbata daidai na yi ba.

Gobe in nemi jar kaba mai kyau a kasuwa. Mairamu.