Shanu Talatin da Suka Tsallake Iyakar Abuja

Zuwa ga Shugaban Sashen Manyan Digirori na jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya ƙara lafiya.

Sunana Rabi Isyaku, ma'aikaciya a sashen kiwon dabbobi na wata ma'aikatar tarayya, kuma ɗalibarka mai neman digiri na biyu ta hanyar bincike. Ba sha'awar ganin sunana a jarida ce ta sa na biyo ta nan ba. Takarda uku na ajiye a ofishinka, kowacce an buga mata hatimi, babu wadda aka amsa. Saura mako shida shekaruna uku su cika, kuma dokarku ta ce ranar da suka cika za a share sunana. Ka yi haƙuri ka karanta wannan har ƙarshe.

Bincikena a kan shanu talatin ne na wani dattijo, Ardo Buba, wanda rugarsa ke bayan Tungan Maje. Na maƙala wa kowace saniya lambar roba rawaya a kunne. Duk Asabar nakan bar Kubwa bayan sallar asuba, in auna madarar kowaccensu kafin matan ruga su juye a ƙwarya. Abin da kuka amince in yi shi ne in bi shanun nan damina biyu da ranin da ke tsakaninsu, kuma taken kundina ya ce a Yankin Babban Birnin Tarayya.

A farkon shekarata ta uku, wata Asabar na tarar da turaku masu jan fenti an kafa su har cikin garke. An ba wani kamfanin gine-gine filin. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda Abuja ke cin ƙasa tun da farar hula suka dawo, kuɗi ya yawaita. Inda ka ga kiwo bana, baɗi bene ne. Mako biyu aka ba mutanen rugar su tashi. Ardo ya kora dabbobinsa ya koma kusa da ƙanensa a bayan Masaka. Na bi su. Na sha cunkoson Nyanya da Mararaba da ma'aunina a cinya, amma ban rasa Asabar ko ɗaya ba har damina ta biyu ta ɗauke.

Masaka kuwa a Jihar Nasarawa take. Da hannuna na rubuta haka a rahoton da ɗalibi ke miƙawa kowane zango, don na ɗauka abin da ake nufi da rahoto ke nan. Daga ranar na shiga halin da nake ciki, ga shi dalla-dalla.

Na farko, kwamitin sashenmu na jami'a ya ce doka ba ta karɓar awon da aka yi a wajen yankin da take ya ambata. Shanun su ne dai, lambobinsu na nan a kunne, matan da ke tatsarsu ba su canza ba. Amma madarar damina ta biyu duk ta zama ta Nasarawa, kuma damina ɗaya ba ta isa kundi.

Na biyu, na nemi a gyara taken, a ƙara "da kewaye". Aka buɗe mini littafin dokoki: ba a taɓa take bayan ɗalibi ya shiga shekarar ƙarshe. Ƙofar ta rufe kwana goma sha biyu kafin a kafa turakun nan. Ban san gaibu ba, ranka ya daɗe. Kamfanin ma bai shawarce ni ba kafin ya zo da katafila.

Na uku, na nemi ƙarin lokaci. Doka ta ce sai wanda ya miƙa cikakken kundi da sa hannun malamin da ke duba aikinsa. Malamina, Dokta Lawal, mutumin kirki ne, ya karanta babi biyar na kundina ya ce bai ga abin gyara ba sai waƙafi. Amma ba shi da ikon sa hannu a kundin da kwamiti ya ce rabinsa na waje ne. To ina zan bi? Ba take sai da lokaci, ba lokaci sai da sa hannu, ba sa hannu sai an gyara take. Wata biyar ke nan ina zagaya ofisoshi uku a bene ɗaya, har masinjoji sun daina tambayata wa nake nema.

Akwai maganar da ta fi tsaya mini a rai. Wani akawu a ofishinka, ba zan faɗi sunansa ba don tausayina ya ji, ya ce mini: "Madam, ke ma gaskiyanki ya yi yawa. Wa ya ce ki rubuta Masaka? Da ki sa Tungan Maje a duka, wa zai je check? Yanzu file ɗin yana wajen oga, ni ba ruwana." Na fito na zauna a kan matakala, kuma wallahi na yi nadamar faɗin gaskiya. Kunyar wannan nadamar na ji fiye da komai. Idan dokar jami'a ta kai ɗalibin bincike ga cewa da ya sani da ya yi ƙarya, ina ganin ya kamata malamai su sake dubanta.

Ba ni kaɗai ce a ɗaure ba. Dokarku ta ce mai jarrabawa daga waje yana iya neman ganin dabbobin da idonsa, don haka na roƙi Ardo kada ya sayar da ko ɗaya, kada ya cire lamba, kada ya yi nisa har in kare kundina. Ya amsa. A tsohuwar ruga akwai fadama da ke riƙe su duk rani. A bayan Masaka babu. Ƙanensa da maƙwabta sun yi kudu neman ciyawa tun wata guda da ya wuce, shi yana zaune yana jiran majalisar jami'ar da bai taɓa gani ba. Asabar da ta wuce na tarar saniya mai lamba goma sha bakwai, wadda ta fi kowacce madara, sai an kama ta ake tayar da ita. Ardo bai ɗaga murya ba. Ya ce: "'Yata, ni na yi miki alkawari, amma shanu ba su yi ba. Ki gaya mini ranar."

Roƙona, ranka ya daɗe, ba a yafe mini jarrabawa ba ne. A kai maganata gaban majalisa a zamanta na wannan watan, a yarda a ƙara kalma biyu a taken kundina, Dokta Lawal ya sa hannu. In mai jarrabawa zai ga shanun, ya zo yanzu, ni zan kai shi. Sannan a gyara dokar saboda na bayana, domin makiyayi ba ya zama inda take ya ajiye shi, balle a garin da ake tashin ruga kowace shekara.

Asabar mai zuwa zan koma Masaka. Na riga na sa filayar cire lamba a jakata. In ban ji daga gare ka ba kafin nan, da hannuna zan cire talatin ɗin, in ce wa Ardo ya tafi, don ba zan bar dukiyar dattijon da ya yarda da ni ta mutu a kan digirina ba. Daga nan kuma babu wanda zai iya nuna wace saniya ce ta ba da wace madara, sai ku share sunan nawa hankali kwance.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci zuri'arka, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Ya kuma sa wannan takardar ta iso hannunka kafin Juma'a.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rabi Isyaku,
Kubwa, Abuja.