Inna Ta Amsa Sallamar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Da fatan maiɗakinka Hajara ta samu sauƙin ƙafarta. Mu muna nan Mafara, yadda ka sani.

Sai yanzu mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon sunan ɗiyarka da anka yi a gidanmu na Faru. Mun zaci irin dishi-dishin da munka saba ne, wallahi sai ga shi tangaran. Har zaren hular marigayi Baba ana gani, ga dawarmu tsaye bayan danga, zabi na ta kuka.

Da Baba ya shigo a cikin bidiyon ya yi sallama, muryar ta fito kamar yana zaure. Inna ta amsa, ta miƙe ta shimfiɗa mishi tabarma.

Yaya, an ƙone gidan, gonar ba mai zuwa, masu dariyar nan na cikin bidiyon wasu sun rasu, wasu suna hannun mutanen daji. Ban ga ranar komawa ba. Da ma hoton bai fito ba.

Ka gaida Hajara da yara. A sa mu a addu'a, musamman Inna. Har yau ta hana a naɗe tabarmar.

Ƙanwarka,
Rabi