Furen dabinon da na jera wa Malam Ilu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, kai da masu karatu. Ka sakaya sunana. Kuma don Allah kada a tsaya yi mini wa'azi, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi. Shawara na zo nema.

Ni malama ce a wata elementare ta En'e a ƙasar Karaye, kuma ni kaɗai ce mace a malaman. Akwai abokin aikina, bari in kira shi Malam Ilu. Tun zuwana shi ke fere mini fensir, shi ke leƙowa ya tsawata wa ajina in sun fi ƙarfina. Bai taɓa furta mini komai ba, amma ni a raina na gama gina mana gida har da rumbu. Kwatsam sai ga labari ya bar koyarwa, ya samu aikin malamin gona a Rogo.

Hedimasta ya ce tunda Baturiya ta koya mana gasa kek a makarantar 'yan mata a Kano, in yi na sallama. Aka zauna musun ado. Wannan ya ce in zana keke, wancan ya ce fartanya, Hedimasta ya ce a rubuta Allah ya kiyaye hanya, sai ka ce jikin lori. Malam Ilu yana dariya ya ce in dai ba bulala za a zana ba, ya yarda. Na ce su rabu da ni, ai ba su za su gasa ba. Na gasa shi a tukunyar yashi, na kaɗa sukari da farin ƙwai, na rina da ruwan zoɓo, na zana gindin gyaɗa da 'ya'yanta. Abin da ba wanda ya sani shi ne, na riga na je Tudun Kaya, gwaggona ta karɓo mini rubutun sha, irin wanda duk wanda ya sha zuciyarsa za ta karkata gare ni. Ni da na yi sakandare! Da yake tawada tana baƙanta sukari, sai na jiƙa dabino a ciki, na jera shi kamar fure a gefe guda don in gane yankansa.

Ranar sallama na yanko wajen da hannuna na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sai ya zaro adiko ya naɗe.

"Malama, wannan ya fi ƙarfin bakina. Talatu zan kai wa."

Wace ce Talatu? 'Yar garin Jajaye ce, can wajen Rogo, an ba shi ita, biki bayan kaka. Saboda ita ya nemi Rogo. Ashe kowa ya sani sai ni. Me ya hana in fizge adikon? Me ya hana in ce ƙuda ya faɗa? Wuƙa tana hannuna, abin da ya fito bakina kawai shi ne a gaishe ta.

Ba a jima ba ran kasuwa sai ga Talatu da kanta a ƙofata da man shanu a ƙwarya. Ta ce tun da ta ci kek ɗin nan take jin son ganina. Yanzu duk kasuwa sai ta zo. Yaya take ce mini, ta yi mini kitso, ta ba ni labarinsa, wai har yanzu yana yabon ajina. Na nemi aibinta da gaske, ban samu ba. In ta tafi nakan rufe ɗaki in yi kuka, ban ma san wanne nake wa kukan ba, shi da na rasa ko ita da ban sani ba ko sona take ko dabino ne ke aiki.

Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ke za ki yi mini na biki, da furen dabinon nan sak. Kuma kusa da ni za ki zauna."

In na faɗa mata gaskiya na rasa ta, shi kuma ba zai ƙara ɗaga ido ya dube ni ba. Magana kuwa in ta fita, iyayen da Hakimi ya sha fama da su kafin su ba mu 'ya'yansu mata za su kwashe su, a ce malama tana sa asiri a abinci. In na yi shiru, da waɗannan hannuwan zan sake jera dabino, ina kallonta tana yi mini murmushi. An fara cirar gyaɗa, lokaci ya ƙure. To ni yanzu me zan yi?