Sabon Mariƙi Ga Libarbar Lala

Litinin, 3 ga Nuwamba

Saura kwana ashirin da biyar a ɗauke dutse.

Yau na fito da libarbar yayana, Lala Torialai, daga ƙasan akwatin Inna. Shekara guda ke nan tun da Baz Mir, ɗan baffanmu, ya harbe shi a bakin magudanar ruwan gona, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa ta. Ƙatuwa ce, irin wadda ake kira magnam, idan ka ɗaga ta sai ka ji a kafaɗa. Mariƙin ya tsage gida biyu, don a kan siminti ta faɗi daga hannunsa. Bai ma samu ya ja kunama ba, harsashi shida suna nan ciki. Na zazzage su a kwalbar magani na rufe.

Dattawan jirga, majalisar sulhun ƙabilarmu, sun ajiye dutsen sulhu tsakanin gidajenmu na shekara ɗaya, ranar Juma'a ashirin da takwas wa'adin zai cika. Gidan Baz Mir sun aiko cewa ranar za su zo ƙofarmu da rago da dattawa su nemi gafara. Ni kaɗai ne namijin da ya rage a gidan nan, don haka igiyar ragon a hannuna za a sa, ko in karɓa ko in ƙi. Idan na ƙi, kowa a garinmu Darra ya san abin da zai biyo baya, kuma ina da 'ya ƙarama.

Zan karɓa. Na rubuta a nan don in gani da idona. Ni mai kemis ne, allura ce sana'ata. Bindigar kuwa sayar da ita zan yi kafin ranar. Wani dillali daga garin Kohat yana so, amma ya ce sai an sa mata sabon mariƙi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na je wurin Ustad Khaista Gul mai sassaƙa mariƙi. Layin maƙeran bindiga cike da hayaƙi, ana ta gwajin bindiga sama kamar kullum. Tsohon ya ƙara lalacewa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali.

"Dakta! Yau kuma allurar ce ta biyo ni har shago?"

Na kwance ƙyalle na miƙa masa. Bai ko kai ta kusa da ido ba, ya shafa ta kawai. Ya ce, "Ta Torialai ce. Ni na sassaƙa wannan."

Na ce roba nake so, irin ta waje da ake ɗaurawa a gama. Ya tofar da tabarsa a gwangwani. Wai roba ta masu tsoron kayansu ce. Ƙahon ɓauna kuma na angwaye ne, kyau a ido, gumi na zuwa ya sulluɓe. Magnam irin wannan tana harbin mai ita kamar jaki, ba abin da ke zaunar da ita sai itacen akhrot na tsaunin Tira, wanda ya shekara bakwai yana bushewa. Ya jawo guntu ya ƙwanƙwasa mini a kunne, wai in ji. Ni dai katako na ji.

Sai ya ɗebo yumɓu a kwano ya mulmula, ya miƙo mini. "Matsa."

"Baba Ustad, sayarwa fa zan yi."

"Ni ba na sassaƙa wa iska, ɗan Mir Afzal. Hannu nake sassaƙa wa. Matsa, ba cizo yake ba."

Na damƙe. Sanyi. Ya karɓa, ya ɗauki ƙusa ya ja layi uku a gindin, alamar gidanmu, don bai iya karatu ba, kowane gida da alamarsa. Ya ɗora a kanta. Ban taɓa lura da kantar nan sosai ba sai yau: dunƙule-dunƙulen yumɓu fiye da ɗari, kowanne da shatin yatsun mai shi, jere har rufi. Na tambaye shi ko ba ya zubarwa. Ya ce idan mutum ya mutu yake fasa nasa ya jiƙa a ruwa, hannun matacce ba ya zama a kanta.

Da na fito sai da na wanke hannu sau biyu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Inna ta buɗe akwati ta ga babu. Ba ta tambaye ni ba. Da ma ta zage ni, da na fi jin daɗi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na karɓo. Gaskiya tsohon nan gwani ne, itacen ya sha mai yana ƙyalli, jijiyoyinsa baƙi-baƙi. Ya ce ba a barin shagonsa ba a gwada ba, ya ba ni harsashi ɗaya. Rabona da harbi tun bikin aurena, shi ma ranar sai da wuyan hannuna ya kumbura, Lala ya yi mini dariya wata guda.

Da na riƙe sai na ji gurbin yatsu biyu ne kawai a ƙarƙashin kunama, maimakon uku. Inda ƙaramin yatsa zai zauna wani tudu ne. Na lanƙwashe yatsan ƙarƙashin gindin, na ɗaga sama na harba. Ko gezau. Ta zauna a hannuna kamar muciya a hannun Inna. Maƙwabcin shagon har ya ce, "Kai, Dakta, ashe kana ɓoye kanka!" Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Sai da na iso ƙofar kemis ina lalube makulli na tuna. Injin ƙarfe ya cinye wa Lala ƙaramin yatsansa na dama yana ɗan shekara sha tara.



Laraba, 12 ga Nuwamba

Abin a fili yake. Alamar gida ɗaya, idon tsoho ya mutu, ya ɗauko yumɓun da ba nawa ba. Kuskure ne. Sai dai ya ce yana fasa na matattu, to na Lala me yake yi a kanta?

Gobe zan mayar.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ban mayar ba, aiki ya yi yawa, mura ta cika gari.

Bayan masallaci na gangara busasshen rafi na harba harsashi goma sha biyu, don in tabbatar wa dillali kayan lafiya lau. Na jera gwangwanayen madara. Tara na samu. Ni da ko tsuntsu ban taɓa samu da danƙo ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ƙaramin yatsana na dama ya yi sanyi, ba na jin sa sosai. Jijiya ce ta bugu, na sani, na gani a wurin masu gwajin bindiga ba sau ɗaya ba. Na sha ƙwayar bitamin.

Da safe muna shan shayi matata Palwasha ta zuba mini ido. Ta ce, "Baban Gulalai, me ya sa kake riƙe kofi haka?" Na duba. Yatsan ya lanƙwashe ya shige tafin hannu, da huɗu nake riƙe. Na miƙar da shi da ɗaya hannun, na ce sanyi ne. Ta ce to. Ba ta ƙara shan nata ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Dillalin Kohat ya zo. Ya riƙe, ya juya, ya ɓata fuska. "Wannan ai na mai yatsa huɗu ne, Dakta. Ko so kake in yanke nawa?" Ya yi ta dariya. Ya ce a sauya ya dawo. Na raka shi har mota, ina ba shi haƙuri.

A hanyar dawowa na kama kaina ina fito. Irin fiton nan ta haƙori da Lala ke yi, wanda Inna ke cewa yana kore albarka. Ni ban taɓa iyawa ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Baz Mir yana da hawan jini. Duk shekarar nan matarsa tana aiko wata maƙwabciya ta saya masa ƙwaya a wurina, ita tana yi kamar nata ne, ni ina yi kamar ban gane ba. Tare muka taso da shi, kwano ɗaya, shi ya koya mini hawa keke. Ban taɓa hana shi magani ba.

Yau maƙwabciyar ta zo na ce ya ƙare. Kwali biyu na nan a bayana.

Ban san me ya sa ba. Kuma ban san yaushe na fara sanin cewa bakwai da kwata Baz Mir yake fita, ta bayan masallaci, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Inna ta zuba mini shayi a kofin Lala, mai bakin zinariya, wanda ta hana kowa taɓawa. Ta ajiye a gabana ta ce, "Sha, Tor." Palwasha ta ce, "Inna, Zmarak ne, ba Torialai ba." Inna ta dube ta ta ce, "Na san ɗana."

Tsoro ya kama ni, na rubuta a nan tunda ba mai gani. Amma na sha.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Ustad da kansa ya zo kemis da hantsi, yana dogara sanda. Tun da nake ban taɓa ganin sa a wajen layinsu ba. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi. Ya kwance gefen mayafinsa ya fito da dunƙulen yumɓu da sabon mariƙi.

Ya ce jiya yana share kanta hannunsa ya faɗa kan yumɓu mai layi uku, mai gurbin yatsa cikakke, ko alamar ma'auni babu a jikinsa. Nan ya gane. Bai ci abinci ba sai da ya sassaƙa nawa.

"Shekara hamsin ban taɓa ba mutum hannun wani ba, Dakta. Ka yafe mini."

Na ce me ya hana shi fasa na Lala. Ya ce sau uku yana ɗaga guduma. "Wanda ya mutu a gado nake fasawa. Wanda jininsa ke ƙasa, hannuna ba ya yarda." Ya ce yau da asuba dai ya fasa, ya jiƙa, ya zubar a rafi. Saura itacen. In ba shi ya sa a wuta.

Na shiga ciki inda na ajiye bindigar, na kwance wancan na ɗaura nawa. Kyakkyawa ne, gurbi uku, daidai yadda na matsa. Na riƙe. Kamar na sa takalmin wani. Bakin bindigar yana ta rawa, tafin hannuna bai san inda zai zauna ba. Na fito na ce masa ya yi kuskure kuma.

Ya ɗauki yumɓuna, ya kamo hannuna na dama ya ɗora a kai, yana shigar da yatsun ɗaya-ɗaya cikin gurbinsu. Uku suka shiga. Ya zo kan ƙaramin, ya ja, ya ja, ya ƙi miƙewa. Ya shafa shi da babban yatsansa yadda ya shafa bindigar ranar farko, sai na ga leɓensa yana motsi, addu'a yake.

"Ba ni wancan yanzu, ɗana."

Na ce gobe, akwai masu jiran allura. Ba kowa a shagon.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Ustad ya bi ta wurin mata, labari ya iso kunnen Palwasha. Da la'asar tana gasa gurasa ta tare ni a bakin tanderu, idonta ja, ba na hayaƙi ba. Ta ce, "Don girman Allah, don Gulalai, ka kawo itacen nan." Ba ta taɓa roƙona komai haka ba. Na shiga ɗaki na naɗo a ƙyalle na ba ta. Ta jefa ba ta ko buɗe ba. Akhrot yana da ƙamshi idan yana ci.

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce yanzu ta samu numfashi. Ta soya mana kebab da yamma.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Gobe bayan Juma'a.

An share zaure, an shimfiɗa darduma, shinkafar baƙi tana jiƙe. Liman ya zo ya gaya mini yadda za a yi: dattawa a gaba, Baz Mir a baya kansa a sunkuye, shi zai miƙo mini igiyar da hannunsa. Taku biyu tsakaninmu, in ji shi. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ba kowane namiji ke iya wannan ba.

Yatsan ba ya damuna yanzu. Ya ma fi sauƙin rubutu haka, ko da yake rubutun ya ɗan karkata, na duba shafin farko ban gane shi sosai ba.

Jiya ɗakin da duhu-duhu, ban tsaya duba wanne na naɗe wa Palwasha ba. Wanda ya rage dai na ɗaura, don kada ƙarfen ya zauna tsirara. Ya zauna daidai.

Kwalbar maganin nan da na zuba harsasan Lala shida na gan ta a kan taga ba komai ciki. Wataƙila Inna ce ta kwashe.

Dillalin Kohat ya aiko, na ce a gaya masa ba yanzu ba.

Zan karɓi ragon, kamar yadda na rubuta. Na gwada a zaure ɗazu da igiyar guga, in ga yadda zan tsaya. Da hannun hagu zan riƙe.